Kyasfi: kurakuran da na gaji da gani a unguwar Aboabo ta Kumasi

Da zarar zafin Fabrairu da Maris ya kankama a Kumasi, sai ka ga samari da 'yan mata wuya da ƙirji duk dabbare-dabbare. Kyasfi ke nan. Ƙwayar da ke kawo shi, Malassezia, tana kan fatar kowa, zufa da maiƙo ne ke sa ta yi yawa. Ba ƙazanta ba ce, kuma ba a jikin wani ake kwasowa ba, don haka a daina ware wa yaro tabarma.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne man nan da ake kira uku-cikin-ɗaya. Wani mai tebur a kasuwa ya taɓa danƙa mini shi yana cewa, "Hajiya, kafin Juma'a kin manta da shi." Ƙaiƙayi kam ya kwanta. Amma tabon ya bazu har gadon baya, fatar hammatata ta zama kamar ɓawon albasa, nankarwa ta tsattsaga ta, har yau tana nan. Don Allah ku riƙa juya kwali kuna karantawa! In kun ga clobetasol ko betamethasone, ku ajiye. Sinadaran nan kwantar da garkuwar fata suke yi, ƙwayar ta samu fili. Ke mai damawa da man bilicin, laifinki biyu.

Ni dai shamfu mai ketoconazole kashi 2 cikin ɗari nake amfani da shi. Nakan shafa daga wuya zuwa ƙugu, har inda babu tabo, in bar kumfar minti 5 zuwa 10 kafin in ɗauraye, kwana 5 a jere. Masu shafawa su watsa ruwa nan take, kuɗinsu kawai suke wankewa. In tabon kaɗan ne, man clotrimazole safe da yamma, mako 2 zuwa 4, ya wadatar. Lokacin zafi nakan maimaita shamfun sau ɗaya a wata, domin abin yana da naci.

Sai rashin haƙuri. Ƙwayar kan mutu, amma launin fata sai ya ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin ya daidaita. Kankara wurin da farce a hankali: in garin fata ya tashi, da saura, in babu, jira kawai.

Dirza da soso da sabulun salo ba ya fitar da shi. Man kaɗanya a kan tabon ƙara masa abinci ne. Man birki kuwa, haba jama'a! Griseofulvin ɗin da ake ba yara masu ƙora ba ya aiki a nan.

Kuma ba kowane farin tabo ne kyasfi ba. Wanda ya yi fari fat ba gari, ko wanda aka taɓa da auduga ba ka ji ba, ka bar kemis ka nufi asibitin Komfo Anokye ko asibiti mafi kusa, domin kuturta ma da tabon da ba a jin taɓawa take somawa.