Haɗa katin gaisuwar Halowin da hannu

'Yan uwa mazauna Amurka da ake ba yaranku aikin katin Halowin (bikin da yara ke yin shigar ban tsoro) kafin ranar bikin, 31 ga Oktoba, ga hanya.

A sami baƙin kwali, inci 8 da rabi a faɗi, 11 a tsawo. Kafin a ninka shi biyu, a ɗora rula a ja layi da bayan almakashi, in ba haka ba ninkin tsagewa yake yi.

A yanko kabewa mai faɗin inci 3 daga takarda ruwan lemo, babba ya fitar mata da idanu da haƙora da reza. A manna takarda ruwan ɗorawa ta baya, sai ka ce an kunna kyandir a cikinta. Jemage kuwa, a ninka baƙar takarda a yanki rabinsa, da an buɗe fukafukan sun zo daidai. Amma fa baƙi kan baƙi ɓacewa yake, sai an ɗora shi kan wata da aka yanko daga farar takarda. Jikinsa kaɗai za a manna, fukafukan su ɗan tashi.

Gam na ruwa yamutsa takarda yake, ku nemi sandararren gam mai kama da sanda. In kuma an zana saƙar gizo-gizo da farar tawada, a bar ta ta bushe kafin a rufe katin.