Kurakuran da ke kayar da ɗaliban fiziks da ilimin taurari a tsakiyar karatu

Ɗalibi kan haye shekarar farko da haddar fomula, sai a ta biyu ko ta uku asirinsa ya tonu, domin lissafin da ke ƙarƙashin fiziks ɗin ya yi nauyi. Wanda bai iya sarrafa matiris (jadawalin lambobi na layi-layi) ba zai sha wuya a kwantum makaniks (fiziks ɗin ƙananan ƙwayoyi kamar zarra), wanda kuma kalkulas ɗin bekta (lissafin sauye-sauyen abubuwa masu girma da alkibla) ya gagare shi ba zai gane kan ƙa'idojin Maxwell guda huɗu na lantarki da maganaɗisu ba. Rufe littafi, ka fitar da fomular daga tushe a farar takarda. Inda alƙalaminka ya cije, nan ne giɓin da za ka cike.

Leƙen amsa ma yana yaudara, don warwarar wani kullum sauƙi gare ta a ido. Ka yi aƙalla minti 30 kana kokawa da tambaya kafin ka duba.

Inda aka fi asarar maki kuwa shi ne ma'auni. Masana taurari da yawa suna aiki da santimita, giram da erg, alhali erg miliyan 10 ne ke yin jul ɗaya (dukansu ma'aunan makamashi ne). Ka cakuɗa su, amsarka ta kauce ninki miliyan 10. Haka zafi: hasken da abu ke fitarwa yana bin zafinsa a kelbin (ma'aunin zafi da ke farawa daga iyakar sanyi), an ninka shi da kansa sau huɗu. Idan ka sa 15 na salshiyos maimakon 288 na kelbin wajen lissafin doron Duniya, kuskuren ya haura ninki 100,000. Rubuta ma'auni a kowane layi, kada ka bari sai ƙarshe. Duba kalkuletarka kuma, wajen auna kusurwa radiyan take kai ko digiri? Radiyan ɗaya daƙiƙar kusurwa 206,265 ce, alhali digiri ɗaya daƙiƙa 3,600 ce kawai.

Ma'aunin hasken taurari a juye yake: ƙaramar lamba ita ce mafi haske. Tauraron Sirius na wajen -1.46, Rana wajen -26.7, kuma tazarar 5 na nufin ninki 100 a haske. Masu ɗebe lambobin kai tsaye sun manta logaritim ne.

A ɗakin gwaje-gwaje, kada ka kwafe lamba takwas daga kalkuleta alhali rularka milimita kawai take aunawa. Kowane sakamako ya zo da iyakar kuskurensa. Python kuma, wato harshen rubuta manhajar kwamfuta, a fara koyonsa yanzu, kafin aikin binciken shekarar ƙarshe ya jibgo maka dubban bayanai daga na'urar hangen nesa.