Yadda ake shirya ziyarar Antibes, garin bakin teku a kudancin Faransa

Antibes gari ne a gaɓar Bahar Rum, tsakanin Nice da Cannes. Girkawa ne suka kafa shi tun kafin haihuwar Annabi Isa, kuma har yau tsohon garin na zaune cikin ganuwarsa ta dutse, teku na dukan gindinta. Abu uku ke kai mutane can: bakin ruwa, zane-zanen Picasso, shahararren mai zanen nan ɗan Sifaniya, da bikin kiɗan jaz na unguwar Juan-les-Pins. Wanda ya tafi ba tsari zai iya tarar da gidan zanen a rufe, kasuwa ta tashi, otal ya ninka kuɗi. Kusan duk wannan daga zaɓen lokaci yake farawa.

Fara da tsayar da wata

Kafin biza, kafin tikiti, ka san abin da zai kai ka. In kiɗa ne, sai Yuli. Bikin Jazz à Juan, wanda aka fara a 1960, ana yin sa ne cikin wannan watan a wani fili mai itatuwa da ake kira Pinède Gould, dandamalin na baya da teku. Tikitin manyan mawaƙa kan ƙare da wuri, don haka ka saya ta intanet da zarar an fitar da jadawali, ka kuma kama ɗaki a lokaci guda. A farkon Yuni akwai Les Voiles d'Antibes, tseren tsofaffin jiragen ruwa masu tafiya da iska, wanda ana kallonsa kyauta daga kan ganuwa. A Agusta ana wasan tartsatsin wuta da dare a bakin teku, amma watan ne Faransawa kansu ke hutu, ko'ina cunkoso. A tsakiyar Mayu kuwa bikin fina-finai na Cannes kan cika otal-otal har na Antibes, farashi ya yi sama.

Wanda ba biki ya kai shi ba, ya zaɓi rabin ƙarshe na Yuni ko Satumba. Satumba ta fi: ruwan teku ya sha rana wata uku bai huce ba, 'yan makaranta sun koma, kuɗin ɗaki ya sauka. A Mayu rana kan yi kyau, amma ruwan da sanyi sosai ga wanda ya taso a zafi.

Biza

Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana na buƙatar bizar Schengen, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da dama har da Faransa, ta gajeren zama, wadda ba ta wuce kwana 90 cikin 180. Ana cike takardar a shafin France-Visas, can ne kuma za a nuna maka inda za ka kai takardu a ɗauki hoton yatsu. Ana karɓar buƙata tun wata shida kafin tafiya, kuma kada ka bari sai saura kwana 15, domin samun ranar ganawa kaɗai kan ci makonni gab da lokacin hutu. Kuɗin babba Yuro 90 ne tun Yunin 2024, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu, kuma ba a mayarwa in an hana.

Fasfo ya kasance an bayar da shi cikin shekara 10 da suka wuce, yana da shafi biyu babu komai, kuma wa'adinsa ya zarce ranar fitarka da aƙalla wata uku. Sai inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin dawowa. Faransa na lissafin guzurin Yuro 65 a kowace rana ga mai shaidar otal, 120 ga wanda ba shi da ita. In wurin ɗan'uwa za ka sauka, shi zai je ofishin magajin garinsu ya karɓo takardar da ake kira attestation d'accueil ya aiko maka da ainihinta. Abin da ya fi jawo a hana mutane shi ne bayanan banki da aka zuba wa kuɗi mai yawa lokaci guda ana gobe kai takardu. Jami'in na neman shige da ficen watanni ne, da abin da zai nuna kana da aiki ko kasuwancin da za ka koma wa. Ka riƙe kwafin duk takardun a jakar hannu, don ana iya sake tambayar su a filin jirgi.

Daga filin jirgi zuwa gari

Filin jirgin Nice za ka sauka, yawanci bayan canji a Paris ko Istanbul ko Casablanca. Kada ka yi hayar mota. Titunan tsohon gari ƙanana ne, wasu ma mota ba ta shiga, wurin ajiya da tsada, hanyar bakin teku kuma kan cushe da yamma. Ka hau taram, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, daga ƙofar filin jirgi zuwa Grand Arénas, ka taka zuwa tashar jirgin ƙasa ta Nice Saint-Augustin, ka hau jirgin TER mai zuwa ɓangaren Cannes. Kamar minti ashirin ne. Ka sayi tikiti kafin ka shiga, a na'ura ko a manhajar SNCF Connect, domin shiga babu tikiti tara ce. Tasha biyu ne: Antibes ga mai sauka a tsohon gari, sai ta gaba, Juan-les-Pins.

Tsohon gari ya fi dacewa da iyali da mai son natsuwa. Juan-les-Pins unguwar dare ce, mashaya da kiɗa har tsakar dare. Kafin ka biya kuɗin ɗaki ka tambaya ko akwai na'urar sanyi da lif, don tsofaffin gidajen da yawa ba su da ko ɗaya, ga matakala siririya. Akwai ɗan harajin baƙi da ake ƙarawa a kan kowane mutum kowane dare.

Safe na kasuwa da zane

Ka raba yini biyu: gari da safe, ruwa bayan la'asar. Kasuwar Cours Masséna, mai rufin ƙarfe, na ci daga sassafe zuwa wajen ƙarfe ɗaya na rana, kuma in ba a watannin zafi ba, ba ta ci ran Litinin. Nan za ka ci socca, wani faifan ƙulli na garin waken da ake hummus da shi da man zaitun, a gasa a tanda a barbaɗa masa masoro. Da zafinsa ake ci. In ya huce ya zama fata.

Daga kasuwa taku kaɗan ne zuwa gidan zanen Picasso, a tsohuwar fadar Grimaldi. Ran Litinin a rufe yake, kuma nan ne masu zuwa na kwana ɗaya suka fi yin asara. Ka je ana buɗewa, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke mutane. A 1946 mai kula da gidan ya ba Picasso ɗaki a sama ya yi aiki kimanin wata biyu, da zai tafi ya bar zanen fenti 23 da na hannu 44. A 1966 aka raɗa wa gidan sunansa. In ka tsaya gaban zanensa mai suna La Joie de vivre, ka matsa kusa ka dubi abin da aka yi zanen a kai. Yaƙin duniya bai daɗe da ƙarewa ba, kayan zane sun yi wuya, sai ya yi amfani da fentin da ake shafa wa jiragen ruwa a kan allon siminti irin na gini. Shi ya sa fuskar zanen ba ta da saƙar yadi. Ka sani da yawa daga hotunan na siffofin mutane ne ba tufafi, in da yara kake. Kada ka fita ba ka ga ɗakin Nicolas de Staël ba, wani mai zane da ya rasu a Antibes a 1955 ya bar wani ƙaton zane mai jan launi bai ƙarasa ba. Awa ɗaya da rabi ta isa gidan duka.

Daga nan ka bi kan ganuwa zuwa tashar jiragen ruwa ta Port Vauban, inda mutum-mutumin Nomade na Jaume Plensa yake zaune yana fuskantar teku, tsayinsa mita 8, an ƙera shi da fararen haruffan ƙarfe, ana shiga cikinsa. Mai sauran kwana ya je Vallauris ya ga tukwane da farantan yumɓu, garin da Picasso ya yi shekaru yana wannan sana'a.

Bakin ruwa

La Gravette ce mafi sauƙi ga yara da wanda bai iya iyo ba: ƙarama ce, mai yashi, a gindin ganuwa, an tare mata igiyar ruwa da duwatsu. Ponteil da Salis sun fi faɗi, su ma kyauta ne. Arewa da gari, bayan sansanin Fort Carré, tsakuwa ce, sai da takalmin roba. A Juan-les-Pins wurare da dama na haya ne, kuɗin kujera da laima daban, don haka ka tambayi farashi kafin ka zauna.

Ka dubi tuta kafin ka shiga. Kore, a yi wanka. Rawaya, a yi hattara. Ja, an hana. Shunayya, ruwan ya gurɓace ko akwai halittu masu cutarwa. Mafi yawansu méduse ce, wata aba mai laushi kamar leda a cikin ruwa, mai harbi. In ta taɓa ka, ka wanke da ruwan teku, kada ka murza, kada ka zuba ruwan famfo, domin shi ke fasa sauran dafin da ya manne a fata. Sai ka nufi rumfar masu ceto. Lambar gaggawa 112 ce, ta ceto a teku 196. Kada a bar waya da fasfo a kan tawul kowa ya shiga ruwa.

Shigar mutanen wurin a bakin ruwa ba irin tamu ba ce, wasu matan ma kan cire riga. Wanda hakan zai dame shi ya je da sassafe, lokacin tsofaffi ne kawai ke iyo. Hijabi ba laifi ba ne a titi ko bakin teku, amma rufe fuska da niƙabi a bainar jama'a haramun ne a dokar Faransa tun 2011, tarar na kaiwa Yuro 150. Kayan wanka masu rufe jiki kuwa, a Agustan 2016 babbar kotun harkokin mulki ta dakatar da hanin da garin Villeneuve-Loubet, maƙwabcin Antibes, ya kafa a kansu.

Mai ƙarfin ƙafa ya ware safiya ɗaya ga hanyar bakin dutse ta Cap d'Antibes, wadda ke farawa daga bakin ruwan Garoupe. Zagayen kusan kilomita 5 ne, awa biyu. Babu inuwa, babu shago a hanya, don haka lita ɗaya da rabi na ruwa ga kowane mutum, da hula, da takalmi mai kama ƙasa, ban da silifas. Ran da iska ta tashi ana kulle ƙofar hanyar, saboda igiyar ruwa na haurowa kan duwatsun.

Abinci da salla

Gidajen abinci na dafa na rana daga sha biyu zuwa wajen biyu da rabi, su rufe kicin sai bakwai na yamma. Kifi ne mafita ga mai kiyaye halal, da pan bagnat, burodi mai kifin tuna da ƙwai da tumatir. A jerin abinci ka guji porc, jambon da lardons, duk alade ne, miyar naman daube kuma da giya ake dafa ta. Ruwan famfo kyauta ne in ka ce carafe d'eau, ladan ma'aikaci na cikin kuɗin da aka rubuta.

A watannin zafi agogon Faransa na gaba da na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, kuma daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare. Wato magariba kan riske ka a tsakiyar bikin jaz, isha'i kuma wajen sha ɗaya. Ka sa manhajar lokutan salla a kan Antibes tun kana filin jirgi, ka kuma tambayi masu tsaron ƙofa ko tikitinka na ba ka damar fita ka dawo.