Darasi Na Tara: Lambar da Ke Mutuwa Bayan Sakan 30

Mun riga mun koyi yadda ake zaɓen kalmar sirri mai wuyar cinta. Amma kalmar sirri tana da rauni guda: ba ta canzawa. Duk wanda ya leƙa kafaɗarku a shagon cajin waya, ko ya yaudare ku kuka rubuta ta a shafin bogi, ya mallake ta ke nan, yau da gobe da jibi. Kwamfuta kuwa ba ta san fuskar mai asusu ba. Wanda ya zo da kalmar, shi za ta buɗe wa.

Don haka aka ƙara kwaɗo na biyu a ƙofar. Lamba ce mai alƙaluma shida da ke fitowa a cikin wata manhaja a wayarku, irin su Google Authenticator ko Microsoft Authenticator. Ku lura da ɗan da'irar da ke gefen lambar: tana zaizayewa a hankali, da ta ƙare sai lambar ta ɓace, wata ta maye gurbinta. Kowace lamba sakan 30 take yi a duniya. A wuni ɗaya da kwana, wayar tana fitar da lamba sau 2,880. Ƙaramar na'urar nan ta tokin da bankuna ke ba 'yan kasuwa ma 'yar gidan ce, sai dai ita aikinta ke nan kaɗai.

Yaya kwamfutar kamfani take gane lambar da ke wayarku?

Wannan ita ce tambayar da ɗalibai suka fi yi mini, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Ku ɗauka ku da mai gadin rumbunku kuna da littafi iri ɗaya, babu na uku a duniya. Kowane shafi da kalmarsa. Kun yi alkawari duk bayan kiran salla kowa zai buɗe shafi na gaba. In kun aiko yaro da La'asar, sai ya faɗi kalmar shafin La'asar, mai gadi ya duba nasa littafin ya ga ta dace. Ɓarawon da ya ji kalmar, in ya zo da ita da Magariba, ya makara.

Haka abin yake. Ranar da kuka haɗa manhajar da asusunku, za a nuno muku wani hoto mai kusurwa huɗu cike da ɗige-ɗige, wanda ake kira QR. A cikinsa akwai wani dogon mabuɗin sirri. Da kun haska shi da kyamara, wayarku ta riƙe kwafi ɗaya, kwamfutar kamfanin ta riƙe ɗaya. Wannan shi ne littafin. Kiran sallar kuma agogo ne: ɓangarorin biyu suna ƙirga sau nawa sakan 30 ya wuce tun daga 1 ga Janairun 1970. Kowa sai ya cakuɗa mabuɗin da wannan ƙidayar ta hanyar lissafi iri ɗaya, ya tsamo alƙaluma shida. In naku sun dace da nasu, ƙofa ta buɗe. Masana sun rubuta ƙa'idar wannan tsari a shekarar 2011, suna kiransa TOTP, kuma kowane kamfani yana iya amfani da shi.

Kun ga ke nan ba aiko lambar ake yi ba, wayar ce ke lissafa ta. Ko babu sabis, ko data ta ƙare, za ta fito. A nan ta fi lambar da ake turowa ta saƙon tes, domin ita waccan tana bin layi ne, kuma 'yan damfara kan yi dabarar mayar da layin mutum hannunsu. Abin da manhajar ke buƙata shi ne agogon waya ya zama daidai. In lamba ta yi ta ƙin karɓuwa, ku fara duba agogo, ku sa shi ya riƙa saita kansa.

Inda kwaɗon ba ya tsarewa

Sakan 30 ya ishi ɓarawon da ke jira da yatsa a kan allo. In wani ya bugo ya ce daga banki yake, a karanto masa lambar, ku kashe wayar. Ma'aikacin gaskiya ba ya neman ta. Hoton QR ɗin ma kada ku tura wa kowa, don wanda ya same shi ya sami littafin gaba ɗaya.

Abu na biyu kuma yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin na ga magidanci ya rasa asusun kasuwancinsa bayan wayarsa ta faɗa rijiya. Lokacin haɗawa, yawancin kamfanoni kan ba da wasu lambobin ajiya na ranar ɓatan waya. Mutane sukan tsallake su don gaggawa. Ku kwafe su da biro a takarda, ku ajiye inda kuke ajiye takardun gona.

Aikin gida: ku buɗe manhajar, ku rubuta lambobi uku da suka fito a jere a littafinku, tare da lokacin da kowace ta fito. Ku zo da su aji, za mu gwada ko akwai wanda zai iya cintar ta huɗun.