Yadda Ake Sama Wa Kowane Aiki Gida a Lambar JVM

Duk wanda ya zauna rubuta kwamfaila (shirin da ke fassara lambar da mutum ya rubuta zuwa wadda inji ke gudanarwa) domin ƙaramin yarensa na kwamfuta, yana so ta fitar da lambar da injin Java (JVM) zai gudanar, zai ci karo da doka ɗaya tun da wuri: JVM ba ta yarda da aiki marar gida ba. Dole kowane aiki (method) ya zauna a cikin wani aji (class), wato rukunin da ke tattara bayanai da ayyukansu. Alhali a yarenka akwai ayyukan gama-gari da ke tsaye su kaɗai, kowa na kiransu.

Fara da rarrabewa tun kafin ka fitar da umarni ko ɗaya. Ka tambayi kowane aiki: yana da mai shi (wato abin da ake kiransa a kansa), ko na kowa ne? Na kowa sai ka gina masa aji da kanka, ka sa wa aikin alamar ACC_STATIC, ka riƙa kiransa da invokestatic. Haka yaren Kotlin yake yi: ayyukan da aka rubuta a sarari cikin fayil Lissafi.kt suna komawa cikin aji mai suna LissafiKt.

Sai batun gurabe, wato wurare masu lamba da aiki ke ajiye ƙimominsa, inda na fi so ka natsu. A aikin da ke da mai shi, gurbi na 0 na this ne (wato mai aikin), mahawarar farko (argument, ƙimar da ake miƙa wa aiki) tana gurbi na 1. A aikin gama-gari kuwa ita ce take zama a 0. Ga kuma nau'o'in lamba long da double, kowannensu gurbi biyu yake ci. Na taɓa kwana biyu ina fama da VerifyError, kuskuren da JVM ke bayarwa idan ta ƙi lambarka, saboda na ƙirga long a matsayin gurbi ɗaya, duk abin da ya biyo bayansa ya zame. Tun daga nan nake ajiye lissafin guraben a wuri guda, ba na bari kowane sashe ya ƙirga nasa.

Wajen kira, ka fara tura mai aikin kan tari (stack, inda JVM ke jera ƙimomin da umarni zai yi amfani da su), sannan mahawarorinsa, sai invokevirtual, ko invokeinterface idan ta kafar yarjejeniya (interface) ka same shi. Wajen ƙirƙirar sabon abu kuma new, sai dup, sai mahawarori idan akwai, sai invokespecial zuwa aikin da ke shirya sabon abun, wato <init>. Ka tuna this ba ya shiga cikin siffar aiki, wato rubutun da ke nuna nau'in abin da aiki ke karɓa da wanda yake mayarwa: (JI)V long da int kawai yake nufi, ko aikin na da mai shi ko babu.

In ka gama, rubuta da Java irin shirin da ka gwada da yarenka, ka bar javac, kwamfailan Java, ya fassara shi, sannan ka buɗe naka da nasa da javap -c, mai nuna umarnan da ke cikin aji, ka bi su layi-layi har ka ga inda suka rabu.