Yadda Ake Zaɓen Hanyar da Za a Tsawaita Layin Bas Mai Sauri a Accra

Duk wanda aka ɗora wa nauyin tsawaita layin bas mai sauri a Accra, injiniya ne ko ɗan majalisar gunduma da za a nemi ra'ayinsa, ya kamata ya ajiye taswira tukuna, ya fita bakin titi. A tsaya a Madina da Kaneshie da mahaɗar Mallam tun daga sallar asuba har hantsi, a ƙirga motocin trotro (ƙananan motocin bas na haya) da ke wucewa, a dubi cikarsu, a tambayi fasinjoji inda suka fito da inda za su sauka. Yaron motar da ke rataye a ƙofa yana kiran "Circle, Circle" (wato babbar mahaɗar tituna ta Kwame Nkrumah) ya san inda jama'a suke taruwa, don haka kada a raina bakinsa. A maimaita ƙirgar a ranakun aiki da ranar Asabar, da rani da damina. Adadin da ake nema shi ne yawan mutanen da ke tafiya ɓangare guda a cikin awar da cunkoso ya fi tsanani, kuma hanyar da ta fi wannan adadi ita ce ta cancanci a fara dubawa.

Daga nan sai a zo kan maganar da a ganina ta fi kowace nauyi: shin za a iya ware wa bas layinsa shi kaɗai a wannan hanya? Mun ga darasin da idonmu. A shekarar 2016 aka ƙaddamar da bas ɗin Aayalolo daga Amasaman zuwa Tudu ta Achimota da Circle, motocin sababbi ful, amma da yake mafi yawan hanyar ba ta da keɓaɓɓen layi, sai suka riƙa maƙalewa cikin cunkoso ɗaya da trotro da tasi. Legas kuwa, da ta buɗe nata layin daga Mile 12 zuwa CMS a 2008, ta killace babban ɓangarensa da shingen kankare. Fenti a kan kwalta ba ya hana direban da ya makara kutsawa. Kowane layin bas yana bukatar faɗin kimanin mita uku da rabi, ban da filin tasha, kuma an fi son a sa shi a tsakiyar titi, nesa da masu ajiye mota da masu sauke kaya. A auna titin a wurin da ya fi ƙunci, a ƙarƙashin gada ko a bakin kasuwa, domin matsatsin mita ɗari biyu kacal yana iya cinye duk lokacin da aka rage a kilomita goma.

Hanyoyi biyu ne suka fi fitowa fili idan ana wannan magana. Ta Adenta, wadda ke bi ta Madina da Legon da Tetteh Quarshie da asibitin sojoji na 37, tana da ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa. Ta Kasoa kuma, garin da sunansa ma daga kalmarmu ta kasuwa ya samo asali, tana kwararo jama'a ta Weija da Mallam zuwa Kaneshie, sai dai Kasoa tana cikin Yankin Tsakiya ne, saboda haka dole a haɗa kan hukumomin yankuna biyu kafin a kafa ko da turke guda.

Kada a manta da ruwa. Mutanen Accra ba su mance da daren 3 ga Yuni 2015 ba, lokacin da ambaliya da gobara suka haɗu a Circle, mutane fiye da 150 suka rasu. Duk hanyar da ta ratsa kwarin kogin Odaw ko ƙasan Kaneshie, sai a sa kuɗin magudanan ruwa cikin kasafinta tun farko.

Tashoshi kuma a jera su da tazarar kusan rabin kilomita, a inda mutane suka saba tsayawa. A lura da yadda fasinja zai tsallaka titi ya isa tashar, domin zanga-zangar da mazauna Adenta suka yi a Nuwamba 2018 a kan gadojin masu tafiya a ƙasa da aka bari ba a kammala ba, bayan motoci sun yi ta kaɗe mutane, ta isa gargaɗi. Unguwanni irin Nima da Mamobi, masu cunkoson gidaje da ƙananan lunguna, doguwar bas ba za ta shiga cikinsu ba. Abin da ya dace shi ne a shirya ƙananan motoci su riƙa kawo mutane babbar tasha, ta yadda dattijuwar da ke ɗauke da kwandon kaya ba za ta biya kuɗin mota sau biyu ba.

Kafin a tsai da magana, a zauna da ƙungiyar direbobi ta GPRTU, da iyayenmu mata masu kasa kaya a bakin hanya, da sarakunan zango da limamai. Direban trotro da aka ƙwace wa hanya ba tare da an ba shi gurbi a sabon tsarin ba zai zama abokin gaba, alhali ana iya mayar da shi mai hannun jari ko mai jigilar ƙananan hanyoyi. A tabbata kuma an sami filin ajiye motoci da garejin gyara a ƙarshen layin, a rubuta shi da sunan hukuma, tun kafin labarin hanyar ya bazu farashin fili ya tashi.