Babi na 6: Layar Matafiyi ta Cikin Tatsuniya

Darasi na 1: Ma'ana da kayan aiki

Wannan laya ƙagaggiya ce, daga tatsuniya ta fito. Ba ta kare kowa daga komai. Don koyon karatu da aikin hannu muke haɗa ta. A tatsuniyar, mutanen wani ƙauye na bakin kogi sukan ba matafiyi ɗan reshe da abubuwa uku rataye. Tsakuwa na nufin haƙuri, gashin tsuntsu na nufin a dawo lafiya, irin kabewa kuma yalwar arziki.

Ku samo busasshen reshe mai tsawon santimita 15, wato kamar daga wuyan hannu zuwa yatsu. Sai tsakuwa 1 mai kaushi, gashi 1, iri 7, allura, da zaren auduga guda 3, kowanne santimita 40. Ɗanyen reshe yana tsukewa in ya bushe, zare ya saki. Ku karya bakinsa: in ya yi ƙas, ya bushe.

Darasi na 2: Ɗaure tsakuwa

Ku naɗa zare sau 3 a tsaye, sau 3 a kwance, su gitta. Yanzu ƙulli. A nan ake faɗuwa, don haka a hankali.

Bakin zare ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu. Ɗora na dama kan na hagu, zura, ja. Wannan rabin ƙulli ne. Sai ɗora na hagu kan na dama, zura, ja. Ya cika.

Mu faɗa tare: dama kan hagu, hagu kan dama.

In kun yi dama kan hagu sau biyu, ƙullin zai karkace, ya riƙa zamewa har tsakuwa ta faɗi. Ƙulli mai kyau kwance yake, shimfiɗe. Naku ya karkace? Ba komai, hannu bai saba ba ne. Ku kwance ku sake: dama kan hagu, hagu kan dama. Ku yi sau 10 a kan fensir kafin ku koma ga tsakuwa.

Sau 10 aka ce, ba 2 ba! Masu gaggawar su riga kowa gamawa, su ne kullum ke laluben tsakuwarsu a ƙasa. Haba, 'yan uwa. Dama kan hagu, hagu kan dama.

Darasi na 3: Iri da gashi

Ku huda iri a tsakiya tun yana da danshi. Busasshe tsagewa yake yi. In ya riga ya bushe, a jiƙa shi ya kwana. Ku jera 7 a zare. Gashi kuwa a gindinsa ake ɗaurewa. Ƙullin dai shi ne.

Darasi na 4: Haɗawa

Ku rataya ukun a reshe, tsakuwa a tsakiya don kada ya rinjaya.

Darasi na 5: Rubutu

Ku rubuta: haƙuri, ƙulli, ɗaure. A kula da lanƙwasar ƙ da ɗ.